Manhaja Mai Ƴanci a Hannun Masu Bincike

1. Kowane aiki da kayansa

Manomi yana da hauya da lauje. Maƙeri yana da uwar maƙera da masaba da zugazugi. Mai binciken kimiyya shi ma yana da nasa kayan aiki. A da, kayansa su ne ma'auni, da madubin ganin ƙananan halittu, da takarda da alƙalami. Har yanzu yana aiki da su. Amma a yau da wuya a shiga ɗakin bincike ba a tarar da kwamfuta ba.

Dalili kuwa shi ne yawan lissafi. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a shekarar 1974. Tana tattara labarin ruwan sama da na amfanin gona daga ƙasashen Sahel. A Tarna, kusa da Maraɗi, ma'aikatan INRAN suna gwada irin hatsi da na wake, su auna abin da kowane fegi ya bayar. A gidajen likita ana ƙirga waɗanda suka kamu da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau. Duk waɗannan ayyuka suna tara lambobi masu yawan gaske. Mutum ɗaya da alƙalami sai ya shekara yana lissafi bai gama ba. Kwamfuta kuwa nan da nan take gamawa.

2. Mece ce manhaja?

Kwamfuta ba ta da wayon kanta. Abin da aka umurce ta shi take yi. Jerin umurnin da ake ba ta shi ake kira manhaja. Akwai manhajar rubutu, akwai ta lissafi, akwai ta zanen taswira.

Mutane ne suke rubuta manhaja, layi bayan layi, cikin wani harshe da aka tsara domin wannan aiki. Wanda ya koyi harshen yana iya karanta rubutun, ya gane kowane mataki. Wannan rubutu shi ne rubutun tushe. Sau da yawa akan juya shi zuwa lambobi biyu kawai, 0 da 1, waɗanda inji yake ganewa. Idan an juya shi, karanta shi yana yi wa mutum wuya ƙwarai.

Wanda ya sayi kilishi a kasuwa yana cinsa, ya ji daɗinsa. Amma bai san yawan citta da kanumfari da barkonon da aka zuba ba. Wannan sirrin mai kilishi ne. Haka kamfanoni da yawa suke yi da manhajarsu. Suna sayar da ita a juye, su ɓoye rubutun tushe. Kuma sukan hana a kwafe ta a ba wani. Irin wannan ita ce rufaffiyar manhaja.

Akwai kuma wadda ake bayarwa tare da rubutun tushenta, kowa ya karanta, ya gyara, ya ba ɗan'uwansa. Ita ce manhaja mai ƴanci, ko buɗaɗɗiyar manhaja. Da Faransanci ana ce mata "logiciel libre".

3. Tiya a cikin buhu

A kasuwar hatsi, mai awo yakan auna a gaban mai saye. Tiya tana fili, kowa yana ganin girmanta. In mai saye yana shakka, sai ya ɗauko tasa tiyar ya sake aunawa. Da mai awo zai tura tiyarsa cikin buhu, ya yi awo a ɓoye, ya ce "tiya goma ce", da ba wanda zai yarda da shi, ko da mai gaskiya ne.

Kimiyya ma a kan wannan ƙa'ida take tafiya. Ba a karɓar magana don girman wanda ya faɗe ta. Idan mai bincike ya ce wani irin hatsi ya fi wani jure fari, wajibi ne ya bayyana yadda ya shuka, da yadda ya auna, da yadda ya yi lissafi. Sa'an nan wani a wata ƙasa ya bi sawunsa, ya ga ko zai samu amsa iri ɗaya. In amsoshin sun yi daidai, maganar ta ƙara ƙarfi. In sun saɓa, sai a nemi inda kuskure yake.

To, yanzu manhaja ce take yin yawancin lissafin. Idan rufaffiya ce, wani ɓangare na awon ya shiga cikin buhu ke nan. Mai bincike ya zuba lambobi, amsa ta fito, amma bai iya duba abin da ya faru a tsakani. Idan buɗaɗɗiya ce, duk mai shakka yana iya bin lissafin tun daga farko har ƙarshe. Gani ya kori ji.

4. Mafarin al'amarin

Lokacin da kwamfuta take sabuwa, masana a jami'o'i sukan ba juna rubutun tushe kamar yadda maƙwabta suke ba juna iri. Daga baya ciniki ya shigo, kamfanoni suka fara rufewa.

Wajen shekarar 1980, akwai wani mai rubuta manhaja a makarantar MIT ta ƙasar Amurka, sunansa Richard Stallman. A ɗakin bincikensu an kawo sabon injin buga takardu. Takarda takan maƙale a cikinsa, mutane su yi ta jira ba su sani ba. Stallman ya so ya gyara manhajar injin don ta riƙa sanar da su, kamar yadda ya yi wa tsohon injinsu. Ya nemi rubutun tushe, aka hana shi. Ga matsala, ga mai iya gyara, amma an ɗaure masa hannu.

Abin ya tsaya masa a rai. A watan Satumba na 1983 ya ba da sanarwar wani babban aiki mai suna GNU. Nufinsa shi ne a rubuta duk manhajojin da kwamfuta take bukata, a bar su a buɗe. A 1985 ya kafa ƙungiyar da za ta tallafa wa aikin. A 1989 kuma aka fitar da wata takardar izini mai suna GPL. Takardar tana da sharaɗi mai hikima. Kowa yana iya ɗaukar manhajar ya gyara. Amma in zai ba wasu abin da ya gyara, dole ya ba su tare da rubutun tushe. Wanda ya samu ƙofa a buɗe ba shi da ikon rufe ta a bayansa.

5. Ƴanci huɗu

Ba a kiran manhaja mai ƴanci sai ta ba mai aiki da ita abubuwa huɗu:

Na ɗaya, ƴancin yin aiki da ita a kan duk abin da yake so.
Na biyu, ƴancin karanta rubutun tushenta, da sāke shi don ya dace da bukatarsa.
Na uku, ƴancin kwafe ta ya ba wasu.
Na huɗu, ƴancin rarraba gyaran da ya yi, don kowa ya amfana.

Ƴanci dabam, kyauta dabam. Akwai manhajojin da ake samu ba a biya ko dala ba, amma rubutun tushensu a rufe yake. Waɗannan na kyauta ne, amma ba masu ƴanci ba ne. Kuma ba a hana mutum ya karɓi kuɗi ba idan ya koyar da manhaja mai ƴanci, ko ya gyara wa wani ita. Mutane da yawa da wannan sana'a suke ci.

6. Aikin gayya

A shekarar 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki, a ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyar manhajar da take tafiyar da kwamfuta. Ya sa ta a intanet, ya nemi ra'ayin mutane. Aka sa mata suna Linux. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin takardar GPL. Da aka haɗa ta da manhajojin GNU, sai aka samu cikakken tsari mai ƴanci.

Mutane daga ƙasashe dabam-dabam suka shiga aikin. Wani ya ga kuskure ya faɗa. Wani ya gyara. Wani ya ƙara abin da babu. Wani ya rubuta bayani don masu koyo. Akwai kuma manya da suke duba kowane gyara kafin a karɓe shi. Aikin ya yi kama da gayya a gona, sai dai masu gayyar yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gayyar ta yi albarka. Sau biyu a shekara ana fitar da jerin kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya. Da irinsu ake lissafin yanayin sama da sauran manyan bincike. Tun watan Nuwamba na 2017, dukansu 500 da Linux suke aiki. Ran 19 ga Afrilu 2021, wani ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, mai suna Ingenuity, ya tashi a duniyar Mars. Nauyinsa bai kai kilo 2 ba. Linux ce take cikinsa. Ya tashi sau 72 kafin fikafikansa su lalace a watan Janairu na 2024.

7. Wasu daga cikin kayan aikin

Python harshe ne na rubuta manhaja. Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, shi ya fitar da shi a 1991. Yana da sauƙin koyo, har ana koya wa yara shi. Masana sun gina masa kayan taimako masu yawa. NumPy yana lissafi da manyan jerin lambobi. Matplotlib yana mai da lambobi su zama zane. Wanda ya fara Matplotlib a 2003, John Hunter, mai binciken ƙwaƙwalwa ne. Yana nazarin masu farfaɗiya, ya bukaci kayan zane, ya ƙera, ya bar wa kowa.

R manhajar ƙididdiga ce. Malamai biyu na Jami'ar Auckland, a ƙasar Niyu Zilan, su suka fara ta: Ross Ihaka da Robert Gentleman. Sunan kowannensu da harafin R ya fara. Sun buɗe ta ga kowa a 1995. Idan an shuka iri biyu, ɗaya ya fi ba da amfani, R tana taimaka wa mai bincike ya gane ko irin ne ya fi kyau, ko kuwa sa'a ce kawai ta wannan damina.

QGIS manhajar taswira ce. Gary Sherman ya fara ta a 2002. Da ita ana ɗora bayani bisa bayani, kamar tabarma bisa tabarma: rijiyoyi, da burtali, da gonaki, da makarantu, da hotunan tauraron ɗan adam. Tun 2008 hotunan taurarin Landsat na Amurka suka zama kyauta. Mai QGIS yana iya ɗauko hoton wuri ɗaya na shekaru dabam-dabam, ya ga ko itatuwa sun ƙaru ko sun ragu.

ImageJ tana auna abin da ke cikin hoto. Wayne Rasband ya fitar da ita a 1997, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Tana ƙirga ƙwayoyin jini a hoton da aka ɗauka da madubin likita. Tana kuma auna faɗin ganye.

Stellarium tana nuna sararin sama. Wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara ta a 2001. In an ba ta sunan gari da rana da lokaci, sai ta nuna inda Zara take, da inda Kaza da Ƴaƴanta za su fito.

8. Hoton baƙin rami

A can cikin sararin sama akwai wasu wurare masu tsananin ƙarfin jawowa. Duk abin da ya matso ƙwarai ba ya kuɓuta, ko haske ne. Ana kiransu baƙaƙen ramuka. Masana sun daɗe da sanin akwai su ta hanyar lissafi, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsu.

A watan Afrilu na 2017, manyan na'urorin hangen sama guda 8 suka haɗa ƙarfi, suka yi aiki tare. Suna Shili, da Meziko, da Sifen, da Hawai da Arizona a Amurka, da can ƙuryar kudancin duniya inda ƙanƙara take. Abin da suka hanga baƙin rami ne a tsakiyar tarin taurarin da ake kira M87. Nauyinsa ya kai na rana sau miliyar 6 da rabi. Nisansa kuwa, haske yana tafiyar shekara miliyan 55 kafin ya iso nan.

Na'urorin ba su ɗauko hoto kai tsaye ba. Lambobi suka tara, masu yawan da sai da aka ɗauke su cikin faya-fayan ajiya a jirgin sama. Manhaja ce za ta mai da lambobin su zama hoto. A nan akwai haɗari. Mutum yana iya ganin abin da ransa yake so ya gani. Saboda haka aka raba masu aikin ƙungiya huɗu. Kowace ta yi nata lissafi, ba ta leƙa na sauran ba. A watan Yuli na 2018 suka taru, suka baje hotunansu. Dukansu huɗu sun samu zobe mai haske, da duhu a tsakiya.

Ran 10 ga Afrilu 2019 aka nuna wa duniya hoton. Masana fiye da 200 suka yi aikin. Cikin kayan aikinsu akwai Python da NumPy da Matplotlib. Bayan haka suka sa manhajojinsu da lambobinsu a fili. Waɗansu masana da ba sa cikin aikin sun sake lissafin, suka samu zoben. Waɗansu kuma sun yi gardama, suka kawo nasu lissafi. Gardamar ma riba ce, domin an yi ta da lambobi a hannu.

9. Kuskuren da ɗalibi ya gano

Buɗaɗɗiyar manhaja ma tana iya yin kuskure, domin mutum ne ya rubuta ta. Abin da ta fi rufaffiya da shi, kuskurenta yana inda ido zai iya kaiwa.

A 2014 wasu masana harhaɗa magunguna suka fitar da ƴan gajerun manhajoji cikin harshen Python. Suna taimakawa wajen gane siffar sinadarai. Masu bincike da yawa suka yi ta aiki da su. A 2019 wani ɗalibi a Jami'ar Hawai yana lissafi a kan wani sinadari da aka samu cikin ƙananan halittun ruwa. Sai ya lura amsarsa ba ta yi daidai da wadda ake tsammani ba. Shi da malaminsa suka gwada a kwamfutoci dabam-dabam. Wata ta ba da 173,2. Wata ta ba da 172,4. Lambobin da aka zuba iri ɗaya ne, manhajar ma ɗaya ce.

Suka buɗe rubutun tushe, suka bi shi layi layi. Ashe manhajar tana ɗaukar bayanai ne yadda kwamfuta ta miƙa mata su, ba ta jera su da kanta. Wata kwamfuta tana miƙa su a jere, wata kuwa a hargitse. Suka gyara, suka sanar da duniya, don waɗanda suka yi aiki da ita su sake duba amsoshinsu. Waɗanda suka rubuta manhajar tun farko ba su yi fushi ba, sun yi godiya. Da a rufe take, da ɗalibin ya ga amsoshi sun saɓa, amma ba shi da hanyar sanin dalili.

10. Amfaninta a ƙasashen Sahel

Rufaffun manhajojin bincike sukan yi tsada, wasu ma kowace shekara ake sabunta biya. Jami'a mai ƙaramin ƙarfi ba ta iya saya wa kowane ɗalibi. Amma R ɗin da ɗalibi yake buɗewa a Damagaram ko a Tawa, ita ce dai wadda babban malami yake buɗewa a Paris. Ba a rage masa kome ba. In mutum ɗaya ya sauko da ita daga intanet, yana iya kwafe wa dukan ajinsu, kuma bai taka doka ba.

Ƴancin gyara shi ma yana da amfani. Kamfanin da ke nesa ba lalle ne ya damu da fassara manhajarsa zuwa Hausa ko Zabarmanci ba. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, masu harshen suna iya fassara ta da kansu, ba sai sun nemi izini ba. Akwai wata mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take jagorantar aikinta. Da ita ake tattara ƙididdigar marasa lafiya da ta rigakafi a ƙasashe da dama. Nijar tana cikinsu. Kowace ƙasa tana daidaita ta da tsarin gidajen likitanta.

Duk da haka akwai abubuwan da manhaja ba ta kawowa. Sai da kwamfuta, da wutar lantarki, da malamin da zai koyar. Wasu muhimman manhajoji mutane ƙalilan ne suke kula da su, a lokacin hutunsu, ba albashi. In sun gaji suka bari, aikin yakan tsaya. Don haka mai ci daga gayya ya kamata ya kawo tasa hauyar: ya faɗi kuskuren da ya gani, ko ya fassara, ko ya koya wa na baya.

Abu mafi girma kuwa shi ne lissafi. Manhaja ba ta san ko lambar da aka ba ta gaskiya ce ko ƙarya ba. In an auna ruwan sama ba daidai ba, za ta yi lissafi da lambar banza, ta fitar da zane mai kyan gani. Sai wanda ya iya tarawa da rabawa da hannunsa yake gane amsar da ba ta shiga hankali. Ɗalibin da ya riƙe lissafinsa da karatunsa tun daga aji, shi ne gobe zai iya karanta rubutun tushe.

Sababbin kalmomi

Manhaja: jerin umurnin da kwamfuta take bi.
Rubutun tushe: manhaja yadda mutum ya rubuta ta, kafin a juya ta don inji.
Ƙididdiga: ilimin tattara lambobi da fitar da ma'ana daga cikinsu.
Sinadari: ɗaya daga cikin abubuwan da suke haɗuwa su yi magani, ko abinci, ko wani abu.
Baƙin rami: wuri a sararin sama wanda ko haske ba ya kuɓuce masa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin rufaffiyar manhaja da buɗaɗɗiya?
2. Don me ba a yarda da awon da aka yi cikin buhu? Ina kamarsa da aikin mai bincike?
3. Ku kawo ƴanci huɗu na manhaja mai ƴanci.
4. Wane sharaɗi ne takardar GPL ta gindaya?
5. Don me aka raba masu hoton baƙin rami ƙungiya huɗu?
6. Shekara nawa kuskuren nan ya yi kafin ɗalibin Hawai ya gano shi?

Aiki

Ku kasu kashi biyu. Kashi na ɗaya su auna tsawo da faɗin filin makaranta, su fitar da girmansa. Su rubuta a allo abin da suka auna da shi, da kowane matakin lissafinsu. Kashi na biyu su bi abin da aka rubuta, su sake awon. In amsoshin sun saɓa, ku nemi dalili tare.